Kwanar da Baba Ya Ce a Bari

Shekarun baya, ni da kaina na sa aka nome kabarin yayana, alhali ban ma san ina da yaya ba. Ɗazu wani ya tambaye ni game da manhajar nan ta tsara noma, sai abin ya dawo min sabo fil.

Lokacin ina koyarwa a Gaya, mahaifina bai cika shekara biyu da rasuwa ba. Ya bar mana gona ɗaya a wajen Toranke, ƙasa ce da ta gaji, ko dawa ka shuka sai ta tsaya maka iya ƙugu. Wani abokina malamin gona shi ya saka min manhajar a waya. Za ka zagaye gonarka da ƙafa, ita kuma ta zana maka taswira. Sai ka rubuta: nan gyaɗa aka yi bara, nan an zuba taki, nan an bar kara ya ruɓe. Daga nan ta tsara maka abin da za ka juya a kowane ɓangare don ƙasa ta farfaɗo. Har yau ban ce abin ba shi da amfani ba. Ni ne dai na ɗauki kaina wani shahararren masani, ina yawo a gona da takalmi sau-ciki, ina ɗaga waya sama kamar mai neman sabis.

A gabashin gonar akwai wata 'yar kwana, ba ta fi faɗin ɗaki biyu ba. Sabara ce guda biyu da ciyawa, sai wasu fasassun tukwane da ƙasa ta cinye rabinsu. Tun ina yaro Baba ba ya bari garma ta shiga wurin. Abin da yake cewa kawai, "A bar kwanar nan." Ni kuwa na ɗauka irin tsoron iskokin nan ne na mutanen da.

Da na zo kanta a manhaja, zaɓi biyu ne: ko ka faɗi abin da aka shuka, ko ka ce saura ce, wato an bar ta tana hutawa. Na danna saura. Ta tambayi shekara nawa, na rubuta talatin. Nan take ta nuna cewa duk gonar babu ƙasa mai ƙarfi kamar nan, a shuka wake bana.

Na kai wa mahaifiyata taswirar tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Inna, kin gani? Bana har kwanar Baba za ta ba mu wake."

Ta dakata da rariyar a hannu. "Babanku dai ya ce a bari."

"Saboda me?"

Ta mayar da idonta kan rariyar. Can ta ce, "Haka dai ya ce."

"Haba Inna, zamani ya canza. In da dalili ai sai a faɗa."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Wallahi har dariya na yi, ina ganin na yi nasara.

Na tura wa abokina taswirar na koma makaranta. Shi ya samo 'yan ƙwadago da mai shanun huɗa. Suka sare sabarar, suka tone saiwoyinta, suka watsar da tukwanen can bakin iyaka, garma ta bi ta kai ɗoɗar daga yamma har gabas. Ya turo min hoto, na ce masa aiki ya yi kyau.

Ranar Juma'a da na dawo gida, goggona, ƙanwar Baba, na tarar a zaure tana jirana. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Kai ne ka sa aka nome wurin nan?"

Na ce ni ne.

"To yayanka ne a kwance a wurin."

Ta ce farkon auren iyayena, lokacin suna da sauran shanu, a cikin gonar nan rugarsu take. Inna ta haifi namiji, ya rasu ko yaye ba a yi ba. Tsakiyar damina ce, rafi ya cika ya raba su da maƙabartar gari, sai Baba ya binne shi a gefen bukka, ya kifa tukwane don alama.

Na ce, "Goggo, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?"

"Wa zai gaya maka? Ita? Bafulatanar da ko da rai ba za ta ambaci ɗan fari ba, balle ya mutu? Kai ba ka taɓa lura tana kiran sunanka gatsal ba? Wace uwa ce a danginmu take kiran sunan ɗan farinta? Duk damina sai ta ce za ta je gona tsinkar tafasa, kamar babu tafasa a bayan gida. Wurinsa take zuwa."

Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Washegari da safe Inna ta yafa mayafi ta ce, "Raka ni gona." An yi ruwa a makon, huɗar ta kwanta, ko'ina iri ɗaya. Ta tsaya inda take zaton sabarar take, ta ƙirga taku, ta dawo, ta sake daga wani wurin. Sau uku tana yi. Sai ta juyo ta dube ni, ba faɗa, ba hawaye.

"Wayar taka da ta san ko'ina, duba min."

Na buɗe manhajar. Abin da ke ciki kawai ɗan fili ne kore, an rubuta wake. Ɗigon da ke nuna inda muke tsaye sai yawo yake, ya matsa nan ya matsa can.

"Inna, tsakanin nan ne da can."

Ta bi hannuna da kallo, daga nan har can ɗin. Ta ce, "Ba komai. Allah ya san inda yake." Sai ta durƙusa ta dafa ƙasa, ta kira sunansa a hankali, sau ɗaya. Ranar na fara jin sunan, ban kuma sake ji a bakinta ba har ta bar duniya.

Har yanzu ina amfani da manhajar, gonar ma ta farfaɗo. Ba laifin waya ba ne, abin da na rubuta mata ta bi. Na tambayi dalili, da ba a ba ni ba sai na yanke cewa babu. Yanzu in tsoho ya ce min a bari ya yi shiru, barin nake yi, in je in nemi wanda zai iya faɗa.

Inna ta yafe min tun a hanyarmu ta komawa gida. Na kewaye wurin da ƙaya, na haɗa da fili ninki uku don kada in kuskure shi. Amma duk lokacin da na shiga yi masa addu'a, ban san ko a gefensa nake tsaye ba ko a kansa.