Emil Mai Sandar Gaba da Faɗin Yatsa Biyu

Akwai wani zance da ake yawo da shi a Kessler Run, wai Emil Hrabak, mai riƙe sandar awo a filin ƙwallon Amurka na makarantar garinmu, ya daɗe tsaye wuri guda yana jiran yaranmu su ci yadi goma har takalmansa suka yi saiwa, sai da 'yan kwana-kwana suka zo da zarto suka yanko shi. Masu ƙarin gishiri suka ce tsuntsuwa ma ta yi sheƙa a hularsa, ta saka ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi fiffike suka tashi, yadi goman nan bai ciwu ba.

To ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya ƙago ta ya yi wa ƙungiyarmu kara. Kafin saiwa ta kama ƙasa ai sai an ɗan daɗe da ƙwallo a hannu. Namu kuwa minti biyu ma ya yi musu yawa. Ni ne zan faɗi yadda aka yi, don Emil ɗan gwaggona ne, tun muna yawo da gajeren wando nake tsokanarsa, kuma na san abin da ya raba shi da mutanen garin nan bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Dokar dai kowa a Pennsylvania ya sha ta a nono: yunƙuri huɗu, yadi goma. Ka ci goman nan, a ba ka sabon huɗu, 'yan sarƙa, masu riƙe da sarƙar awo mai tsawon yadi goma da sanda a kowane ƙarshenta, su tumɓuke sandunansu su bi ka gaba. Ka kasa, ƙwallo ya koma hannun baƙi. Ga yadda namu suke yi. Yunƙurin farko a kutsa ta tsakiya, a samu yadi ɗaya. Na biyu a sake kutsawa ta tsakiyar, a mayar da yadin da aka samu. Na uku mai jifa ya ɗaga kai yana neman wanda zai jefa wa, sai ya ga gajimare, ashe tuni an shimfiɗe shi. Na huɗu ko gwadawa ba a yi, sai a doka ƙwallon sama a miƙa wa baƙi, kamar mai mayar da tukunyar aro. Daga nan sai gudu ya kama Emil, don baƙi ba sa wasa da yadi goma. Likita ya ce masa zuciyarsa na bukatar motsa jiki, to yaran wasu garuruwa ne suka riƙe masa lafiyarsa.

A sana'a kuwa, Emil mayankin gilashi ne. Shekara ashirin da tara ya yi a masana'antar da ke bakin rafi yana yanka gilashin taga a kan awo, har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo aka sallami kowa. Maganarsa ɗaya ce tun can: gilashi ba ya jin magiya, in ka rage masa ko da kaurin farce ne, sai ya yi ta kaɗawa a taga har mai gidan ya mutu. Mutum ne da in ka ce masa ƙarfe uku ta yi, sai ya duba agogo ya ce saura minti ɗaya.

Shekara talatin da huɗu yana riƙe da sandar gaba, kyauta, ko kofin gahawa ba a ba shi. Aikin 'yan sarƙa kuwa yana da wata ƙa'ida mai cin rai. A gefen baƙi ake tsayawa, cikin warin guminsu da ihun kocinsu, kuma ba tafi, ba shewa, ba ko "kai!" ɗin takaici. Ɗan gari ne kai, amma muddin sandar nan tana hannunka ba ka da gari. Saboda haka Emil ne kaɗai a Kessler Run da yake kallon bencinan 'yan kallonmu ido da ido. A gabansa mutanen suka yi ta raguwa. Lokacin da mahaƙar kwal take aiki sai an zo da kujera daga gida. Aka rufe mahaƙa, layin sama ya zama wayam. Aka rufe gilashi, gefen hagu ya bi. Matarsa Dolores tana zama a layi na huɗu da jan bargo a cinya, duk sanda aka matsar da sarƙa sai ta ɗaga masa gefen bargon, tunda shi ba shi da damar ɗaga hannu. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ba wanda ya zauna a wurin, ba don ladabi ba, don babu mai zama.

Sai ga takarda bara, wai za a haɗe makarantarmu da ta Ardmont, a rufe filin. Yara goma sha tara suka rage a ƙungiyar, rabinsu iska mai ƙarfi za ta iya kwashewa. A bayan fili akwai tsohuwar ƙararrawar mahaƙa da ake kaɗawa duk lokacin da namu suka tsallake layin ƙarshe. Kakar wasan nan gaba ɗaya ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Mutanen gari sun daina maganar cin wasa. Abu guda suke roƙo: su ji muryar ƙararrawar nan sau ɗaya kafin a kwance ta.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Asabar da rana, don filinmu bai taɓa samun fitilu ba. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi kamar kwaɓin burodi. 'Yan Ardmont ɗin ne ma baƙin. A kan sarƙa akwai Emil a gaba, Lou Benko mai kurman kunne a sandar baya, sai wani bawan Allah mai kula da kilif, wanda ba sai na kama sunansa ba, mutumin kirki ne dai, son kowa. Kilif ɗin nan ɗan ƙarfe ne kamar na matse shanya, ana maƙala shi a zoben sarƙar da ya hau kan farin layi, don in an tashi awo, ko sarƙa ta faɗi, a san daidai inda take.

Saura minti shida a tashi, an ci mu talatin da huɗu da nema. Kocin Ardmont ya ji tausayi, ko kunya, ya zuba 'yan benci. Sai ga abin mamaki. Yadi huɗu, yadi huɗu, yadi uku. Alƙalin wasa ya miƙa hannu gaba.

"Lou, tashi! An ce mu matsa," in ji Emil.

"Mu me?"

"Mu matsa, kurma!"

"Ina? Gaba? Namu ne fa da ƙwallon, Emil. Ka duba da kyau, ko gilashin idonka ya yi raɓa."

Suka matsa. Aka sake ci, suka sake matsawa. Sau huɗu a jere, abin da rabon garin da shi tun Dolores na da rai. Tsofaffi suka miƙe a bencinan can, masu sanda na ɗaga sanda. Wani ya ruga ya kama igiyar ƙararrawa ya tsaya. Emil kuwa idonsa na kan layi na huɗu.

Saura yadi ashirin da ɗaya a kai layin ƙarshe, aka kafa sarƙa. Emil ya soka sandarsa a taɓo har ta yi rami, kamar yadda ya saba. Yunƙuri na uku yaronmu ya karkato gefe da ƙwallo, ƙarti uku na bin sa, suka yo kan 'yan sarƙa gaba ɗaya. A nan doka ta ce ka yar da sanda ka ceci ƙafarka. Kowa ya watse. Da aka ɗaga yaran, saura yadi ɗaya, yunƙuri na huɗu. Aka tsinci sarƙa a cikin taɓo, aka ɗora kilif a kan layinsa, aka ja.

Emil ya ja iya ja, sandar ta ƙi kai ramin. Ga ramin can gabansa, ruwa ya fara taruwa a ciki, tsakaninsa da gindin sandar faɗin tafin hannu. Ya dubi sarƙar. Kilif ya tashi daga zobensa ya matso gaba da zobe uku. Yadi goma ya ragu. Ya ɗaga kai ya dubi mai kula da kilif, shi kuwa bawan Allah ya duƙufa yana ɗaure igiyar takalminsa.

Ba wanda ya gani. Alƙalin gefe yana can yana sharce taɓo daga wandonsa. Abin da ake bukata daga Emil kawai ya ɗora dunduniya a kan ramin nan ya murza.

Aka busa. Yaranmu suka dunƙule suka tura, aka yi tsibi, mutum kan mutum. Da aka bambare su ɗaya bayan ɗaya, alƙali ya dubi ƙwallo, ya dubi gefe, ya yi alamar a kawo sarƙa. Fili ya yi tsit. Alƙalin gefe ya kama sarƙar daidai kilif, ya ce, "Mu je, Mista Hrabak."

Emil ya yi taku uku ya tsaya.

"Yallaɓai, kilif ya zame."

"Ya me?"

"Ya zame da zobe uku lokacin da muka faɗi. Ga ramin sandata can, ban taɓa shi ba."

Lou, wanda ya shekara goma bai ji kiran matarsa ba, ya ji wannan sarai. "Emil, rufe bakinka! Don kabarin uwarka, rufe bakin nan!"

Alƙalin ya daɗe yana kallonsa. Shi ma kamar ba ya son ji. Amma an faɗa, kocin Ardmont kuma na tsaye taku biyu daga wurin. Aka koma gefe, aka mayar da sanda raminta, aka gyara kilif, sannan aka shiga fili, duk a kan idon mutanen gari. Aka ja sarƙa ta miƙe. Babban alƙali ya durƙusa, ya leƙa, ya miƙe ya ɗaga hannu sama, ya nuna tazarar da ke tsakanin hancin ƙwallo da sandar Emil. Faɗin yatsa biyu.

Mai riƙe da igiyar ƙararrawa ya sake ta a hankali. Ardmont suka karɓi ƙwallo, suka durƙusa da shi sau uku don cinye lokaci, lokaci ya ƙare. Ba a yi ihu ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Mutane suka naɗe bargunansu suka sauka, Emil na tsaye a gefen baƙi yana kallon bayansu, kocin Ardmont na ta girgiza masa hannu yana cewa irinsa sun ƙare a duniya. Wannan girgiza hannun ma an gani.

Tun daga ranar gari ya juya masa ƙeya. A shagon gahawa, teburin tsofaffin da yake zama shekara ashirin ya koma mai kujera huɗu maimakon biyar. A coci mutanen layinsa suka gano cewa layin gaba ya fi ɗumi. Matan da suke aiko masa da kabeji da taliya tun rasuwar Dolores suka manta hanyar gidan. Abin da ake cewa shi ne, in kilif ya zame da kansa ai kyautar Allah ce, wane ne Emil da zai mayar wa Allah kyautarsa? Lou ya ce ko da an ba su sabon huɗun ma wataƙila da sun kasa, amma ai da an gani. Kocinmu, wanda aikinsa ya tafi tare da filin, ya gamu da shi a gidan mai, ya ce, "Yara goma sha tara, Emil. Abin da za su ba jikokinsu labari ke nan, ka auna shi da yatsa." Emil ya shiga motarsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ko sau ɗaya kuma bai ce da kowa kilif ba ya tafiya da ƙafarsa ba.

An kwance ƙararrawar a watan Maris, an kai ta harabar 'yan kwana-kwana an ɗora a kan siminti, an cire mata harshe don kada yara su dame unguwa. Filin kuwa ciyawa ta kai gwiwa.

Ran Lahadin nan na leƙa shi. Na same shi a bayan gida ya kafa sandar awon nan, wadda ba wanda ya nema, ya ɗaure mata tumatir. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ji takuna bai juyo ba.

Na ce, "Sannu da aiki, alƙalin alƙalai! Ashe da gaske ne sandar ta yi saiwa. Ka auna tumatir ɗin kuwa? Kada ya wuce ƙa'ida da yatsa biyu a kai mu ƙara. Ka ji sabon zancen gari? Wai ranar da za a binne ka sai ka taso ka ce ramin bai cika ƙafa shida ba, a sake. Shekara talatin da huɗu, ɗan gwaggo, mutum ya samu damar murza dunduniya sau ɗaya tak a rayuwarsa, ya tsaya yana wa'azi. Yanzu ga shi daga kai sai tumatir."

Ya gama ɗaurin da yake yi, ya ja kullin ya tabbatar ya kamu, sannan ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi.

"Igiyar takalminka ta sake kwancewa ne, ko yau za ka iya kallon idona? Zobe uku ka matsar, ko satar ma ba ka iya ta da kyau ba. Ka gode wa Allah bakina ya fi hannunka nauyi. Kai kana shan gahawa a teburina, ni kuma ina barci. Ja min ƙofar in za ka fita."