Gonar Saja Tanko a Camberwell

Wata safiyar Asabar a watan Afrilun 1989 na tsaya riƙe da bokitin roba ina kallon kakana, Saja Tanko, ya durƙusa a kan ƙasar London, sanye da babbar riga, ya ɗora kwat ɗin Abbana a kai. Ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya murtsuke ta, ya sansana, sannan ya ce ƙasar tana da kirki, sanyi ne kawai ya ɓata mata hali. Shekarata tara a lokacin. Wurin wani fili ne a bayan layin dogo a unguwarmu ta Camberwell, wanda ƙaramar hukuma ta yanka ƙanana tana ba masu son shuka. Baba Seidu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da suka saba a masallaci, shi ya raba nasa biyu ya ba kakana rabi. Ina dariyar Hausar Baba Seidu a ɓoye, don in ya gan ni sai ya ce, "Yarinya ya zo aiki?"

Ciwon zuciya ne ya kawo Saja wurinmu daga wani ƙauye kusa da Funtuwa. Abba, wanda ke aikin rediyo, shi ya matsa sai an duba shi a babban asibitin unguwarmu. Zaman da aka ce na wata uku ya koma na shekaru. Gidanmu ƙarami ne, a hawa na huɗu na wani dogon bene, sai aka haɗa shi ɗaki ɗaya da ƙanena. Kafin mu tashi ya yi sallah, ya ninke bargonsa kusurwa huɗu, ya goge takalman kowa ya jera su a bakin ƙofa, har da na Umma. Yakan ce, "Ko ba inda za ka, kada ka bar takalminka da datti." Shi ke raka mu makaranta, yana ɗingishi amma bayansa a miƙe. A harabar makaranta ina tsallen igiya da ƙawayena, sai in hango shi a jikin shingen ƙarfe yana jira sai an kaɗa ƙararrawa kafin ya juya. Ranar Lahadi muna kai kaya gidan wanki tare, ya zauna yana kallon injin yana juyi, yana girgiza kai. Da yamma ya zana mana dara a bayan kwali, muna yi da maɓallai da marafen kwalba, kuma bai taɓa bari na ci shi don tausayi ba. Yana kirana uwargida, irin wasan kaka da jika, yana yi mini Hausa ina mayar masa da Turanci, muna fahimtar juna.

Mun san ya je yaƙin Bama yana saurayi, amma ba ya son zancen. Lambobin yabonsa na soja suna cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gado. In muka dame shi, sai ya ba mu labarin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke shiga cikin takalmi, da kayan da suke ɗauka a ka cikin daji. Bai taɓa ambatar harbi ba. Ƙarfinsa duk ya zuba shi a gonar: albasa, alayyahu, kabewa, da yakuwar da ta ƙi girma shekara biyu yana lallashinta. Aikina ɗebo ruwa daga famfo da tsince katantanwa daga ganye.

A hutun tsakiyar zangon karatu, a shekararsa ta biyu a wurinmu, na bi shi da Abba asibiti, don babu mai zama da ni a gida. Likita ta gama duba Saja, sai ta juya ga Abba ta ce irin wannan ciwon yana bin jini, ya kamata shi ma a duba shi. Abba ya amsa da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, cewa ba sai an yi ba, domin ba Saja ne ya haife shi ba. Saja bai ji abin da aka ce ba, ni kuwa na ji. Na yi kwanaki ina gudunsa, in ya ce uwargida in sunkuyar da kai, ranar Asabar kuma na ce cikina na ciwo. A tunanina na yarinta, an ba ni aron kaka ne, kuma za a zo a karɓe.

Umma ce ta gano abin da ke damuna, ta gaya masa. Asabar ta gaba bai tambaye ni ko zan je ba, ya miƙo mini bokiti kawai. A gonar ya zauna a kan wani akwatin katako, ya ba ni labarin da ban sake jin ya ba kowa ba. Ya ce yana da aboki, Garba, tare suka yi kiwo, tare suka shiga soja. Garba ya baro mata da jariri a gida. Wata rana suna ƙetare kogi a dajin Bama harsashi ya same shi a ciki. Saja ya goya shi ya yi ta tafiya, har ya ji nauyinsa ya sake, ya gane rai ya yi halinsa. Suka haƙa rami da shebur ɗin soja, suka naɗe shi a bargo don babu likkafani, su uku suka yi masa sallah.

"Kafin ya cika ya ce mini, Tanko, ka duba mini yaron nan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan."

Da ya dawo gida ya tarar agana ta kashe uwar yaron, yaron yana hannun wata tsohuwa, duk ƙasusuwa. Ya ɗauke shi tun bai yi aure ba. Daga baya ya haifi nasa, amma Abba ne babban ɗa a gidan, shi ya fara sawa a makaranta. Na haɗa 'yar Hausata na tambaye shi ko ke nan shi ba kakana ba ne. Ya dube ni, ya ce:

"Kakanki na jini yana kwance a daji, ni ma yau ba zan gane wurin ba. Ki riƙa sa shi a addu'a, sunansa Garba. Ni kuma ga ni nan, ba inda za ni. Je ki ɗebo ruwa."

Na je na ɗebo, ina kuka, rabin ruwan ya zube a hanya.

A 1992 jikinsa ya yi rauni, hawa matattakala ya gagare shi. Ya ce a mayar da shi gida. Abba ya ƙi, ya ce magani yana nan, ya roƙe shi har da hawaye. Saja ya ce ya binne mutum ɗaya a ƙasar da babu mai ziyartarsa, ba zai bari a yi masa haka ba. Abba bai sake musu ba, shi da kansa ya raka shi har ƙauye. Da damina ta zagayo aka bugo waya da safe muna shirin makaranta. Abba ya ajiye wayar, ya zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ya ce, "Yau na zama maraya."

Yanzu an gina dogayen gidaje a filin nan, Baba Seidu da Abba duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yana suna da ɗaki kowa nasa, amma babu tsohon da ke tsayuwa a jikin shinge yana jiran su shiga aji. In na ba su labarinsa suna saurara da ladabi, kamar labarin wani baƙo. Ni kuwa kakanni biyu nake wa addu'a, wanda ban taɓa gani ba da wanda ya riƙe amanarsa. Har yau ban san wanda ya fi shi cika alkawari ba.