Kawu Fulogi da Fasinjan da Ba Ya Sauka

Har yau in aka ambaci Kawu Fulogi a layinmu, gilashin shagon mai aski ake fara tunawa. Wata rana da azahar Kawu ya leƙa ya ga mai askin sheme a kujera, baki buɗe, ƙofa rufe, janareta na ta ruri. Ko sallama bai yi ba, ya ɗaga sifanarsa ta kwance noti ya tarwatsa gilashin, ya jawo shi ta ƙafa har bakin kwata. Ashe barcin ƙoshi bawan Allah yake yi, janaretan kuma na maƙwabci ne, yana can waje abinsa.

"Kawu, me na yi maka?" in ji mai aski, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ja numfashi tukuna, ɗan nan, sai mu yi magana."

Shekara talatin Kawu yana gyaran janareta a wata rumfar kwano da ya ƙi yi wa bango. Yana saurayi ya taɓa gwada inji a ɗaki rufe, sai farkawa ya yi a asibiti da robar oksijin a hanci. Abin da likita ya gaya masa ranar, shi ya mayar karatun duk wanda ya kawo gyara. Ba ka karɓar injinka sai ka saurara.

"Huhu tasha ce," yakan ce, yana goge hannu da tsumma. "Jini kuwa motocin haya ne, jajaye. Su ɗauki oksijin su sauke a ƙwaƙwalwa, su kwaso iskar da jiki ya gama da ita su dawo. To a hayaƙin injin nan akwai wani fasinja, ba launi ba wari. In ya samu kujera sai ya yi kane-kane, ba ya sauka. Mota cike, gari ba abinci. Kai kuma ka ce ciwon kai ne, bari ka ɗan kishingiɗa."

Mukan gyaɗa kai, mu yi dariya a bayansa. Matarsa ma cewa take ko shayi ya dafa sai ya buɗe taga.

Da damina ta zo, ruwa ya tsinke wata safiya. Mai aski ya tausaya wa janaretansa, ya shigar da shi bayan labule, ya ja sabon gilashinsa ya rufe. Kawu na wucewa da buhu a ka ya ji sautin injin ya canza, irin na wanda bango ya kewaye. Ya leƙa: mutumin na kujera, baki buɗe. Mu da muke fake a baranda muka ce, "Kawu, kar dai a maimaita!"

Ya maimaita. Wannan karon mai aski bai tambayi laifinsa ba, don ko yatsa bai motsa ba. Kwana biyu ya yi da robar oksijin kafin fasinjan ya sauka.

Ranar da ya dawo, yana yi wa Kawu aski, na ce, "Kawu, gilashi biyu ke nan a shago ɗaya. Na ukun fa, yaushe?"

Kawu bai ko ɗago kai ba.

"Gilashi ai ana yanka sabo a kasuwa. Kai dai nuna mini rumfar da ake yanka mai aski, sai in ajiye sifana."