Tafiyar Mai Lofe

Na zauna a garuruwa da yawa, wasu har sunan unguwar da na kwana na manta. Amma makon da na yi ina zarya tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ina neman wani Bature da ban san sunansa ba, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Ina da aboki a Tarauni, Kirista ne, iyayensa 'yan kudu, amma a Kano aka yanke masa cibiya. Shi ke juya na'urar majigi a wani gidan silima lokacin muna samari. Da tsufa ya zo, hawan jinin ido ya kama shi, likita ya ce ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi. Wata safiya 'yarsa ta kira ni ta ce Baba ya ƙi cin abinci sai na zo.

Na same shi a tsakar gida ya juya fuska wajen haske. "Alhaji, ka tuna Mai Lofe?"

Yaya zan manta? Wani ɗan wasa ne na Ingila a finafinan baƙi da fari. Bai taɓa zama jarumi ba. Yau likita ne, gobe mataimakin kyaftin a jirgin ruwa, jibi ɗan sandan da ke zuwa bayan an gama faɗa. Mu a Kano ba ma karanta sunayen da ake rubutawa, laƙabi muke ba kowa. Shi saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa, da ya fito sai 'yan benci su ɗauka: "Ga Mai Lofe!"

"Babana bai taɓa ɗaukar hoto ba," in ji abokina. "Ya mutu ina yaro. Duk duniya ba wanda ke tuna min shi sai Baturen nan. Ka nemo min shi kafin a kashe fitilar."

Na ce ai abu ne mai sauƙi. Sai da na fito titi na gane ba abin da zan tambaya da shi. Na ga mutumin nan a silima a Khartoum, can ma wani laƙabi suke kiransa da Larabci. Na gan shi a Abidjan an sa masa muryar Faransanci mai kauri wadda ba tasa ba. Na yi shekaru a Landan, wataƙila ma mun taɓa shiga bas ɗaya. Ko sau ɗaya ban tsaya na karanta sunansa ba.

Na fara da shagon tura finafinai a waya da ke bakin layinmu. Mai shagon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Baba, Bature mai shan taba? Ai duk sha suke yi. Ga na Indiya mai fassara, ga na Koriya, kai masa ɗaya mana."

Na ce ba gyaɗa na zo saye ba da za a ba ni kowacce. Ya yi dariya, ya nuna min inda ake samun tsoffin finafinai a intanet, ya ce in je in yi ta tono.

Daga nan zama ya gagare ni. In buɗe fim, in yi ta tura shi gaba ina leƙen bayan jarumi, in rufe, in buɗe wani. Shayi ya huce a gabana. Kullum da yamma in hau adaidaita zuwa Tarauni hannu biyu, kullum kuma sai in ga abokina ya ƙara matso da kujerarsa bakin ƙofa, inda rana ta fi ƙarfi. Ba ya tambayata.

Sai ga Mai Lofe wata rana bayan azahar, a wani fim na kotu. Ya tsufa, ya yi ƙiba, shi ne alƙali. Na jira ƙarshe na karanta sunan, suna ne gama-gari irin wanda za ka gani a ƙofar kowane kanti a Ingila. Ko takalmi ban sa daidai ba na fita. 'Yar ta haɗa wayar da talabijin, muka jawo kujerar abokina har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na tsayar da hoton daidai inda fuskar ta cika allo.

Ya daɗe yana kallo. "Yaushe zai tashi?"

"Ba ya tashi. Alƙali ne."

"Kai Alhaji, duk yawon duniyarka! Me zan yi da fuskar Bature? Babana baƙi ne wuluk kamar ni. Tafiyar nake so."

Ashe ban tambaya ba, shi kuma bai yi min bayani ba. Babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ƙarfe ya taɓa faɗo masa a ƙafa, sai yake jan ta hagu kaɗan yana karkata kafaɗa. Haka Baturen yake tafiya. Shekara da shekaru abokina yana leƙen wannan tafiyar ta ƙaramar tagar ɗakin na'ura, bai gaya wa kowa ba.

Yanzu da suna a hannuna, sai aikin mutumin ya baje a gabana. Finafinai birjik, daga ƙuruciya har furfura, ba ko ɗaya da sunansa ke sama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon ido. A yawancinsu yana tsaye ne bayan tebur, ko ya shigo taku biyu a yanke hoton. Na ƙara sauri, don 'yar ta ce min babanta ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya ɗauki iska.

A wani tsohon fim na jirgin ruwa na samu. Mai Lofe ya sauko daga jirgi, ya bi doguwar tashar shi kaɗai, an ɗauko shi daga baya, farin sama a gabansa.

Muka rufe taga, muka ƙure hasken talabijin. Baƙar inuwa ta fara ratsa farin allo, tana jan ƙafa, kafaɗa a karkace. Na ji abokina ya riƙe gwiwata da ƙarfi.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ya taso daga aiki." Ya juya wajen 'yarsa. "Zo ki ga kakanki."

Ta durƙusa kusa da shi. Ya ce a mayar, aka mayar, ya ce a sake. Ba mu taɓa kallon sauran fim ɗin ba. Kafin damina ta wuce ganin ya tafi gaba ɗaya, ban kuma taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Baturen nan ya rasu tuntuni, wataƙila yana ganin ya ƙare rayuwarsa a bayan wasu. Bai san akwai Tarauni ba. Tun daga ranar na daina raina aikin da ba a tafa wa, nawa ko na wani, domin mai yin sa bai san a gidan wa ya sauka ba.