Idon Kawu Sa'idu Matso

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Sa'idu ya san hannun riga ba ya tsira a wurinsa. Kana yin sallama zai miƙo hannu ya damƙe ka, ya jawo ka har hancinku ya kusa haɗuwa, ya ƙanƙance ido ya ce, "Matso in gan ka." Da haka sunan ya bi shi. Daga ƙauyenmu har kasuwar Makoda, in ka ce Sa'idu kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Matso, an gane.

Yayan mahaifiyata ne. Ni ne Habu, mai jan motar haya tsakanin Ɗanbatta da Kano, kuma ni na fi kowa shan tafiya da shi, don haka ku bar ni in ba da nawa. Tun yana yaro Kawu ba ya ganin nesa. Abin da ke kusa kuwa ya fi kowa gani. Zai ɗauki ƙwayar gyaɗa ya kai ta bakin ido, ya gaya maka ko za ta tsiro. Amma taku goma daga inda yake tsaye, duniya ta dame masa kamar kunu.

Sau uku ana sayo masa tabarau. Na farko ya sulluɓe da gumi ya faɗa cikin kunya, ya bi ta kansa da garma. Na biyu ya ba ladan kyauta. Na uku ya kulle a gwangwani, wai kada ya tsufa. In aka matsa masa, amsarsa ɗaya ce: "Hancin da Allah ya yi don numfashi, ba zan mai da shi jaki ba."

Kun tuna ranar Juma'ar da ya dawo gida yana ƙorafi a kan Alhaji Garba, maƙwabcinsa na gona? Ya ce ya tsaya a bakin gona ya gaishe shi, ya gajiya, ya iyali, ya ibada, mutumin nan ko tari bai yi ba.

"Tun da Garba ya je Makka ya daina amsa gaisuwar talaka," in ji shi.

Aka ce, "Kawu, ai mutum-mutumin korar tsuntsaye ne. Tsohuwar rigar Alhaji aka sa masa."

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "To, wanda ya sa rigar mutum, ai ya ɗauki gaisuwarsa."

Haka muka yi ta dariya shekara da shekaru, shi ma yana taya mu. Sai wata kaka, lokacin cirar gyaɗa, dariyar ta tsaya. Matarsa Inna Dije tana da hawan jini. Da rana tsaka ta ɗauko masa abinci za ta kai gona, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a gefen hanya kusa da gindin ɗorawa. Shi kuma yunwa ta ishe shi, ya taso gida ta wannan hanyar. Ya wuce ta. Ya isa gida yana faɗan an bar shi da yunwa, sai ga mata masu ɗebo itace sun shigo da ita a ɗauke.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta yi jinya a Ɗanbatta ta dawo, sai dai ƙafarta ta hagu ta ɗan yi nauyi. Kawu kuwa ya yi kwana uku ba mai jin muryarsa sai a sallah. Rana ta huɗu ya same ni a tasha ina wanke mota. Bai kama min riga ba. Ya tsaya kawai ya ce, "Habu, na ga zanenta fa. Na ɗauka buhu ne. Har na ce a raina, wane sakarai ne ya bar buhu a rana."

Na ajiye soson da ke hannuna.

Ya ce, "Ka kai ni inda ake gyaran ido."

'Yarsa Binta, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta binciko cewa akwai aikin da ake yi da hasken leza, a gyara gaban ido yadda mutum zai ga nesa ba tabarau. Ita da 'yan'uwanta suka ɗauki nauyi, ni na ɗauki tuƙi, muka nufi wani asibitin ido a Abuja.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta zaunar da shi ta ce, "Baba, karanta min harafin da ke saman allon."

Ya ce, "Wane allo?"

"Wanda ke jikin bango."

"Yarinya, in kin ce akwai bango, na yarda da ke."

Ta yi ta aune-aune har kusan la'asar. Ta ce ya yi sa'a, ba shi da yanar ido, kuma idon zai ɗauki aikin. Amma ta gaya masa gaskiya, a shekarunsa tabarau mai kyau zai wadatar, ba sai an taɓa ido ba.

Kawu ya girgiza kai. "Tabarau ana mantawa da shi a aljihu. Yana faɗuwa a gona. Ni idon da ba a barinsa a gida nake so." Sannan ya ƙara da cewa, "Ina da wadda zan riƙa dubawa a hanya."

Likitar ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta sa mana rana.

Ranar aikin na ga ya tsorata, abin da ban taɓa gani ba, ko ranar da sa ya bi shi a kasuwa. Ya sa na yi masa alkawarin in ya fito makaho, kada in bari kowa ya zargi Binta. Aka ɗiga masa maganin kashe zafi, aka shiga da shi. Ban gama jan carbi sau uku ba aka fito da shi. Ma'aikaciyar da ta rako shi tana ta danne dariya. Ashe ana cikin aikin, an ce ya kalli ɗigon haske kada ya motsa, sai ya ji ƙauri ya ce, "Likita, wa ke babbakar kan akuya a asibiti?"

Ta ce, "Baba, aikin ne. Kada ka motsa."

Ya ce, "Ashe ni ne akuyar."

Washegari da aka cire masa marfin ido, ya tsaya a bakin taga ya daɗe. Sannan ya tambaye ni ko dama can ganyen bishiya ɗaya-ɗaya ake ganinsa daga ƙasa. Na ce dama. Ya ce, "Kuma ba wanda ya gaya min." Sai likita ta miƙo masa takardar magani ya kasa karantawa, domin ganin kusan nan nasa ya ragu, kamar yadda ta faɗa masa tun farko bai saurara ba. Ta ce don karatun Alƙur'ani sai ya riƙa sa tabarau. Na zaci za a yi rigima. Sai ya karɓa ya ce, "Don littafin Allah, hanci zai iya dako."

A hanyar dawowa ba allon da bai karanta min ba, har na gidajen mai.

Da ƙafarsa ta taka gona kuwa, sai wani abin ya fito. Ya hango jerin gamban da ke raba gonarsa da ta Alhaji Garba, ya ga shukarsa ta karkace ta shige har kunya biyu cikin gonar mutane. A ranar ya je ya same shi.

"Garba, ashe ina nome maka gona?"

"Ka daɗe."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa sau biyu. Ka ce idona ne ba shi da lafiya."

Kawu ya tsuguna a gabansa, da furfurarsa da komai, ya nemi gafara. Alhaji ya ce ya yafe tun tuni. Kawu bai yarda ba sai da ya kai masa dammunan gero da kansa, ya kuma sake dasa gamba a inda ya dace.

Damina biyu kacal ya yi da sabon idon. Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar bakwai na shiga gaida Inna Dije. Tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafar nan mai nauyi. Ta ce min tun da ya dawo daga asibiti bai ƙara barinta ta kai abinci gona ita kaɗai ba, shi ke tasowa ya tare ta a hanya. Kuma in tana sheƙar gero ko tsince wake a tsakar gida, sai ya ɗauko kujera ya zauna can bakin zaure ya zuba mata ido, har kunya ta kama ta.

Ta ce, "Rannan na gaji na ce, Malam, wai mene ne? Tsohuwa ce dai, ba ka taɓa gani ba? Sai ya ce, Dije, ƙyale ni. Ramuwa nake yi."

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Na zauna tare da ita.

Allah ka jiƙan Kawu Sa'idu, ka yafe masa abin da ya gani da wanda bai gani ba. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna Dije haƙuri, ka sada su a inda ba rabuwa. Amin.