Ɗauko Abin Wuyan Jasi daga Heathrow

Edmonton

Bayan sallar asuba Baba Isiyaku, direban ɗakin gwajinmu, mutumin zangon Kumasi, ya tsaya ƙofar gidana ana yayyafi. Za mu ɗauko saƙo daga Brazil: abin wuya mai na'urar bin sawu da samfurin huhun Jasi, wata tapir da aka raina a gidan namun daji aka sake ta a kurmi. Dabba ce kamar jaki gajere, mai guntun hanci irin na giwa.

"Likita, shi naman ya mutu ke nan?"

"Ta mutu, Baba. Na'urar wuyanta ce ta nuna ta daina motsi. Kafin masu gadin daji su isa, ta fara kumbura."

Heathrow

Hanyar North Circular a cushe take, sai da hantsi muka isa wajen karɓar kaya na filin jirgin. Jami'i ya duba takardu, ya miƙo mana akwatin sanyi. Muka sayi shayi a wata rumfa, ni na kasa shan nawa.

Ɗakin gwaji

Shugabarmu, wata Baturiya mai furfura, ta buɗe akwatin. Abin wuyan duk laka, da gashi maƙale a ƙugiyarsa. Na juye bayanansa a kwamfuta. Kullum Jasi kan gangara wani tafki inda shanun manoma ke shan ruwa. Daga baya tafiyarta ta riƙa raguwa, har ta koma kewaya gindin bishiya guda.

Da la'asar gwajin farko ya fito: tarin fuka.

"Daga shanu ta ɗauka, ko ita ta shiga da shi dajin?" na tambaya.

Shugaba ta ce sai an yi makonni kafin a sani. Ta buga waya Brazil, aka soke sakin wasu tapir biyu da ke jira a keji. Sannan ta ɗora taswirar wani namijin tapir da aka saka bara a kan ta Jasi. Tafki ɗaya suke sha.

Komawa

Baba bai kunna rediyo ba. A Tottenham ya ce, "Shi namijin, za a kama shi?"

"In sun riske shi da rai."

Na isa gida ana magariba. Na buɗe taswirar, ɗigonsa na nan yana motsi, amma tafiyar yau ba ta kai rabin ta jiya ba.

Godiya ga Allah da Ya dawo da mu lafiya, da Baba Isiyaku da ya jira ni yini guda a mota.