Faifan da Na Ce Kada a Taɓa

Aikina na farko bayan bautar ƙasa a Fatakwal na same shi, a wani kamfanin sayar da magunguna da ke kusa da Mile 3. Mai masaukina ne, wani dattijon mahauci a Diobu, ya tsaya mini. Ya haɗa ni da wani ɗan garinmu da ya daɗe yana kula da kwamfutocin kamfanin. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa.

An sayo sabuwar babbar kwamfuta mai Linux irin ta kamfanoni, aka ce in ɗora mata manhajar rumbun bayanai. Faifan ajiya biyu ne a cikinta: sabo, da tsohon da aka ciro daga kwamfutar da ta mutu, mai ɗauke da bayanan magunguna na shekaru. Ni mutum ne mai tsoro, wataƙila fiye da kima. Na karanta umarnin har ya gundure ni, na sake karantawa. Da na kai inda ake zaɓar faifan da za a goge a ba rumbun, sai na tsaya, domin ban kwafe tsohon ba tukuna.

Aka kira azahar. Yaya ya ce in je in yi salla, shi zai tsare wurin. Na roƙe shi kada a taɓa komai. Ya yi dariya, ya ce digirina bai koya mini komai ba sai jan ƙafa.

Da na dawo na tarar manhajar ta hau, tana aiki lafiya lau. Tsohon faifan kuwa fes, babu komai a kansa. Yaya ne ya ƙarasa aikin a bayana, ina jin so ya yi ya burge mai kamfanin da sauri. Ban tabbata ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Mai kamfanin, wata mata 'yar ƙabilar Ibo, ta shigo tana tambaya da turancin buroka wa ya yi wannan. Yaya ya juyo gare ni yana murmushi, kamar mai fassara mini maganarta, ya ce da Hausa:

"Ƙanena, rufa mini asiri. Ina da iyali, kai kuwa ko mata ba ka da ita."

Sannan ya koma ga matar ya ce yaron sabon hannu ne, a yi masa haƙuri. Ta dube ni tana jira. A gidanmu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, sai na bar maganar yadda ya faɗe ta. Na ɗauka daga baya zai je ya gyara maganar a keɓe. Na yi ta jira, bai je ba. Kafin ƙarshen mako aka sallame ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai masaukina. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce Yaya ya zo ya ba shi labari, har yana tausaya mini. Tun daga nan bai ƙara kai sunana ko'ina ba.

Har yanzu muna haɗuwa da Yaya a masallacin Mile 2. Yakan riƙe hannuna ya daɗe, yana tambayar ko na samu wani abin yi. Nakan ce ana nan ana nema.